Shagon Aikin Riga a Aboabo: Ido Mai Kaifi, Alkawari Mai Rauni

A wani lungu da ke tsakanin Aboabo da Asawase, a nan Kumasi, akwai shagon ɗinki da mutanen Zango suka daɗe suna kai wa shaddarsu idan hidima ta taso, ko da yake allon da ke bakin ƙofarsa ya koɗe har ba a iya karanta shi. Manyan riguna da kaftani da jamfa ake ɗinkawa a wurin, sai huluna kaɗan da ake karɓowa daga matan da ke saƙa su a cikin gidaje. Ana yin ado iri uku: aikin hannu da allura, da surfani na keken da ake juyawa da hannu, da kuma na keken kwamfuta. Na kai musu farar shadda domin babbar rigar da zan sa a auren ƙanena, tare da wani yadi mara nauyi na kaftanin zuwa aiki, kuma abin da ya fito daga hannunsu ya isa a yi magana a kansa dalla-dalla, da yabonsa da kukansa.

Abin da mai shiga zai fara lura da shi shi ne yadda aka rataye rigunan gwaji a cikin akwatin gilashi, domin yawancinsu a juye suke, ciki a waje. Maigidan shagon, dattijo ne da yaransa ke kira Masta, mu kuma muke ce masa Baba Alhaji, da gangan yake yin haka, saboda a ganinsa kowa yana iya gyara fuskar aiki, amma bayan aikin ne ke tona asirin wanda ya riƙe allura. Na juya rigar da ke kusa da ni na duba, ban ga zare yana reto ba, ban ga ƙulli mai tsini da zai soki fata ba, kuma layukan da ke baya suna bin juna kamar yadda na gaba suke yi. Daga wannan ɗaki na gaba ake shiga ɗakin kekuna, sannan a fita wata rumfa a bayan gida inda masu aikin hannu ke zama a kan tabarma, suna bin hasken rana. A rumfar nan ba a cin abinci, ba a shan shayi, kuma an hana cin goro kwata-kwata, saboda ɗigo ɗaya na jan yawunsa ya isa ya lalata farar shaddar da aka yi makonni ana yi wa aiki. Dokar ta ba ni dariya, ganin cewa goron nan ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, har kasuwar Salaga ta watse bayan yaƙin 1892 mutane suka gangaro kudu, amma babu wanda na ga ya karya ta.

Karɓar aiki a wurin yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba. Bayan awo, Baba Alhaji ya tambaye ni inda za a sa rigar, ko da rana ne ko da dare, ko zan yi yawan zama a ƙasa, ko kuma ina da niyyar ci gaba da sa ta ranar Juma'a bayan an gama biki. Sai da ya ji amsoshin nan sannan ya ɗauko takarda ya zana fasalin aska takwas, wato adon da kowa ya sani na tsofaffin rigunan Zariya da Kano da Bida, mai dogayen tsinaye da ke gangarowa daga aljihun hagu, da tambari mai zagaye a ƙirjin dama da kuma wani a baya, da gidan biyar a tsakaninsu. Zanen ba sabo ba ne, kowane mai aikin riga ya gaje shi, amma shi yana auna tsawon askar da tsayin mutum, ya rage faɗin tambarin idan mai rigar siriri ne, domin kada adon ya haɗiye wanda ya sa shi. Ni gajere ne, kuma ya faɗa mini haka ba tare da kwana-kwana ba, ya ce idan ya bar askar a tsawonta na asali za ta kai mini har gwiwa, rigar ta zama ita ke tafiya da ni.

Wurin zaɓen zare ne muka ɗan yi ja-in-ja. Na zo da niyyar zare mai ruwan zinariya mai walƙiya, irin wanda ake yayi yanzu, shi kuwa ya ce zai yi idan na nace, amma ba zai so a ce daga shagonsa rigar ta fito ba. Dalilinsa shi ne shadda mai kyau tana da nata sheƙin, kuma idan aka ɗora mata wani sheƙin sai su riƙa gasa da juna, ido ya rasa inda zai sauka. Ya ba ni shawarar zare mai ruwan madara da ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda ya yi kusa da launin tsamiya, silikin dajin nan da ake samu daga gidan wasu tsutsotsi, wanda da shi ake yi wa rigunan sarakuna aiki a da. Tsamiya ta gaske ta yi wuyar samu yanzu, shi ma bai yi da'awar yana da ita ba, zaren auduga mai laushi ya nuna mini. Na yarda da shawararsa ba don na gamsu a lokacin ba, sai don na ga mutumin ya fi ni sanin abin da yake faɗa. Haka kuma ya murza shaddar tsakanin yatsunsa kafin ya karɓa, domin akwai bambanci tsakanin ta Getzner da ake saƙawa a Ostiriya da kwaikwayonta da suka cika kasuwa, kuma ya ce ba ya yin aikin hannu a kan mai araha, saboda da zarar an wanke ta sheƙin ya tafi sai ramukan allura su buɗe, aikin wata guda ya saki. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Rigar da na karɓa ita ce mafi kyawun aikin wuya da na taɓa riƙewa a Kumasi. Ɗinkin ya cika ya yi tauri ba tare da ya tattare yadin ba, 'yan ƙananan ramukan da ake zagayewa da zare a cikin askar sun fito girmansu ɗaya, kuma tambarin baya ya zauna a tsakiyar kafaɗa daidai. An yi mata shafi mai kauri a ƙasa, wanda ke ba ta nauyin da take buƙata domin ta zuba sosai idan an tsaya, sannan idan aka naɗe hannayenta a kafaɗa ba ta zamewa, abin da duk mai sa babbar riga ya san wahalarsa. A wurin nan na fahimci abin da Baba Alhaji yake nufi da cewa ado da ƙarfi abu ɗaya ne a rigar Bahaushe. A zamanin da ake haɗa riga da ƙananan ƙwarya-ƙwaryar saƙi, wuya da bakin aljihu su ne wuraren da suka fi saurin yagewa, kuma nan ne aka tara mafi yawan aikin allura, saboda haka kyan da muke gani ya taso ne daga inda rigar take buƙatar kariya. Mai aikin da ya san wannan ba zai watsa ado ko'ina don ya cika ido ba, zai sa shi inda yake da aikin yi.

Abin da ya bambanta shagon da sauran masu riƙe tsohon salo shi ne yadda yake karɓar sabon abu, kuma zama a Kumasi ya ba shi abin da takwaransa na Zariya ba shi da shi. Garin nan kewaye yake da masu sana'ar ado: masaƙan kente a Bonwire, masu buga tambarin adinkra a Ntonso da hatiman da suke sassaƙawa daga ƙwarya, masassaƙan itace a Ahwiaa, ga kuma fugu, rigar saƙi ta arewacin Ghana, da ke saukowa daga Daboya da Tamale. Sana'o'in nan ba na jiya ba ne, domin zanen adinkra da Bature Thomas Bowdich ya samu a Kumasi a 1817 yana ajiye a gidan tarihi na Birtaniya har yau, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya saƙar kente cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Mutumin Zango da ke bin tawagar Sarkin Zango zuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante, ranar bikin gargajiya na Akwasidae, ko ma'aikacin banki da ke sa kayan gida ranar Juma'a tun da gwamnati ta ƙaddamar da wannan tsari a 2004, yana son tufar da za ta nuna shi Musulmi ne kuma ɗan Ghana ne a lokaci guda. Shagon ya amsa wannan buƙata da dabara. Yana ɗaukar ƙwarya ɗaya ta kente, wato siririn layin saƙa, wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ya sa ta a cikin wuyan kaftani ko a gefen shafi, yadda ba a ganinta sai mutum ya motsa. Daga cikin alamomin adinkra kuma yana zaɓar masu kusurwa da layi, irin nsaa da nkyinkyim, waɗanda suke zama lafiya kusa da dagi, yana barin masu siffar tsuntsu ko kada, domin ya san da rigar za a shiga sahu a yi salla. Ayar Alƙur'ani ma ba ya yarda ya sa ta a jikin tufa, ko nawa za a biya.

Hanyar da yake bi kafin sabon zane ya shiga jikin rigar mutane ita ce ta fi burge ni a duk harkar. Idan shi ko wani yaronsa ya zo da wani tunani, sai a ɗinka shi a ƙyalle a manna a bangon ɗakin kekuna, a bar shi a nan makonni, kowa yana ganinsa da hasken safe da na fitila. Zanen da ido ya gaji da shi a cikin wannan lokaci sai a cire, wanda kuma aka ci gaba da waiwayensa shi ake nuna wa masu kawo ɗinki. Bangon cike yake da irin waɗannan ƙyallaye, wasu sun yi ƙura, kuma na ga waɗanda a ganina sun yi kyau amma an ja musu layi da alli. Ina ganin wannan ne sirrin da ya sa haɗin kente da aska, wanda a hannun wasu teloli yake zama hayaniya, a nan yake fitowa kamar dama can tare aka haife su. Ba ya ƙin sabon abu don sabo ne, ba ya kuma karɓarsa don ana yayi, idonsa ne alƙali, kuma alƙalin ba ya gaggawa.

Sai dai idon nan bai kai ko'ina ba, kuma inda ya gaza kaiwa shi ne ɗakin keken kwamfuta. Ɗan Baba Alhaji ne ke kula da keken, matashin da ya iya zana ado a kwamfuta ya mai da shi umarnin da allurai ke bi, kuma babu shakka shi ne ke riƙe da shagon ta fuskar kuɗi. Idan dangi suka fitar da yayi na aure, aka kawo kaftani masu yawa da ake so su fito iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, babu hannun da zai iya wannan sai inji. Kaftanina a nan aka yi shi. Daga nesa ba shi da laifi, layukansa sun miƙe, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Da na sa shi ne na ji bambancin, domin zaren roba ne mai santsi, adon ya kwanta shafal babu tudu babu kwari, ƙirjin ya yi tauri, kuma ba a gama cire takardar da ake mannawa a baya don riƙe yadin ba, saboda haka ta riƙa yi mini ƙaiƙayi a zafin rana har sai da aka wanke shi. A shagon da ke rataye riguna a juye don alfahari da bayansu, wannan sakaci ne da bai kamata a gani ba. Na lura kuma cewa zane-zanen wannan ɗaki ba sa bi ta bangon gwaji, yawancinsu daga hotunan Kano da Dakar da Bamako ake kwaikwayo su, waɗanda masu ɗinki ke turowa ta WhatsApp suna cewa irin wannan nake so.

Matashin yana da nasa uzurin, kuma ban raina shi ba. Ya ce duk zanen da ya ɓata dare yana ƙirƙira, da zarar mai rigar ya ɗauki hoto ya ɗora a waya, kafin mako ya zagayo an kwafe shi a wasu shagunan a rabin kuɗi, saboda abin da inji ya yi wani injin zai maimaita. Ga jallabiyoyin da ake shigowa da su a ɗinke suna jiran mai saye a kasuwannin Kejetia da Alabar, ga gwanjon da ke kwararowa daga kasuwar Kantamanto ta Accra. Wanda ke gasa da waɗannan ba shi da sararin barin ƙyalle a bango har wata guda. Amma ni a nawa ganin, hujjar tasa ita ce ke ƙara nuna darajar hanyar mahaifinsa, domin abin da ba a iya sacewa ta hoto shi ne awon da aka yi wa jikin mutum guda da kuma hannun da ya ja zaren. Mafi kyawun abin da na gani daga keken shi ne wani kaftani da aka yi wa jigon adon da inji, sannan aka miƙa shi rumfar baya aka cike tsakiyarsa da hannu. Kuɗinsa ya tsaya tsakanin biyun, kyansa kuma ya fi kusa da na hannu. Da ni ne su, wannan hanyar zan faɗaɗa.

Game da yaran shago, tsarin koyon sana'a ne irin wanda aka sani a Ghana, inda yaro ke yin kimanin shekara uku a ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi. Watannin farko ba ya taɓa ado, kalmasa ce da sa maɓalli da guga. Ina zaune aka kira wani yaro aka nuna masa inda layin surfaninsa ya karkace da abin da ni ban ma gani ba sai da aka ɗora yatsa a kai, aka ce ya warware rabin wuyan ya sake. Yaron ya ce, to Masta, ya koma ya zauna, babu tsawa babu zagi, amma na ga yadda fuskarsa ta faɗi. Ban ce tsananin ba shi da amfani ba, domin yaran da suka fita daga wurin ana neman su. Abin da ya fi damuna shi ne dattawan rumfar baya, waɗanda kyan rigar nan daga idanunsu da bayansu ake cirarsa. Suna sunkuye tun hantsi har la'asar, kuma idan rana ta yi sanyi ko hadari ya haɗu, ƙwan lantarki ɗaya ne mara ƙarfi a saman kansu. Janaretan da aka saya tun shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wutar lantarki, keken kwamfuta kaɗai yake ɗauka. Shagon da ke karɓar kuɗin aikin hannu yadda yake karɓa ya kamata ya iya sayen fitilu masu kyau da kujeru masu majingina ga mutanen da sunansa ya dogara a kansu.

Babban aibin wurin shi ne alkawari. An ce mini rigar za ta kammala da sauran lokaci kafin ɗaurin aure, amma sai daren jajibiri na karɓe ta, bayan zirga-zirga da kiran wayar da ba a ɗauka. Da na yi ƙorafi, Baba Alhaji ya ce mini, ɗana, ka yi haƙuri, wani sashe na tambarin ne bai yi masa ba ya sa aka sake. Na yarda gaskiya ya faɗa, kuma na ga amfanin sakewar a jikin rigar, amma neman kyau ba hujja ba ce ta barin mutum cikin zullumi, kuma kiran waya na minti ɗaya da ya wadatar. Ba su da rasit, awo da kuɗin kafin alƙalami duk a wani tsohon littafin makaranta ake rubuta su, kuma idan ka tura kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, saƙon wayarka ne kaɗai shaidarka. Wandon rigar ya zo da tsawo, ko da yake an gyara shi nan take ba tare da an nemi ƙari ba. Ɗakin gaba ƙarami ne, benci ɗaya ne a ciki, matan da suka zo karɓar kayan mazajensu ko na 'ya'yansu sukan tsaya a waje, kuma lungun yana cika da ruwa da damina kamar yawancin Aboabo, saboda haka gara mutum ya sauka daga pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa.

Kuɗin aiki ana faɗarsa tun farko kuma ba a cika ragi ba. Aikin hannu ya ninka na kwamfuta sau da dama, surfanin keken hannu yana tsakiya, kuma ga wanda ke son kaftanin yau da kullum surfanin ne zan ba shi shawara, domin yana da ɗan rai a jikinsa kuma ba a manna masa takarda. Mai son babbar riga ta hannu don ƙaramar Salla ya kai shaddarsa tun watan Rajab, domin daga tsakiyar Sha'aban ba sa ƙara karɓar irin wannan aiki, kuma ya faɗi ranar da ta riga ranar buƙatarsa da mako biyu. Ya nemi a rubuta masa ranar da kuɗin a takarda ya riƙe. Idan ya karɓa, kada ya bari a ɗora dutsen guga kai tsaye a fuskar adon, ta baya ake goge shi a kan tawul, shaddar kuma a kai ta wurin masu bugu idan ana son sheƙinta ya dawo. Ni dai na riga na yi wa Baba Alhaji maganar wani fugu na Daboya da nake so a yi wa aikin wuya, ya ce in kawo ya duba kaurin saƙar tukuna, domin ba kowane fugu ne ke ɗaukar allura ba, kuma sai ya gani zai faɗa mini ko zai karɓa.